Shekarar da Na Sare Mazurarin Alhaji Ɗanjuma

Kun taso kun tarar da ni ina yin ƙofofi da tagogi da kejin janareta, har kuna zaton iyakar abin da hannuna ya iya ke nan. To ku sani, kafin a haifi autanku, duk mai injin niƙa daga unguwarmu Nima zuwa Maamobi, in ƙura ta dame shi wurina yake zuwa. Har daga unguwar Tudu an sha ɗauko ni. Ni ke ƙera mazurarin kama ƙura, wanda 'yan boko ke kira saikulon. Ganga ce ta ƙarfe a tsaye, ƙasanta ya tsuke ya yi tsini. Fanka tana turo iska mai ƙura ta wani baki a gefe, iskar ta yi ta juyawa a ciki kamar guguwa, ƙurar ta bugi bango ta zame ƙasa cikin buhu, iskar kuma ta fice ta bututun sama. Shekara goma sha wani abu ina wannan aiki, ana ce mini Masta Awudu mai mazurari. Yadda sunan ya bar ni kun ji shi a bakin mutane: wai ƙanena Rabi'u, wanda kuke kira Baba Ƙarami, shi ya kama ni da aikin algus, ya ƙi sa hannu a takarda. Kun ji a gidan suna, kun ji a bakin famfo, kuma babu ɗayanku da ya taɓa tambayata. Shi ya sa zan rubuta, tun da baki ya gaza.

A aji biyu na sakandare na bar makaranta, shekarar da mahaifinmu ya rasu. Ba zan ɓata takarda a kan wannan ba. Mma, kakarku, ta dube mu ta ce ɗaya ya kama ƙarfe ɗaya ya kama littafi, ni ne babba, shi ke nan. Rabi'u ya yi ta karatu har ya gama jami'a a fannin gyaran iska da ruwa da shara, ya yi shekaru yana aiki a ƙarƙashin wasu. Saura jarrabawa ɗaya, wadda in ya ci za a ba shi lasin da hatimi, ya zama injiniyan da sa hannunsa ke tsayawa a gaban hukuma. Ya zauna sau ɗaya ya faɗi. Wata Lahadi da hantsi sai ga shi a shagona da wani littafi mai kauri kamar bulo, ya tsaya yana kallon wani mazurari da nake haɗawa.

"Yaya, wannan abin da kake bugawa kullum shi ya kayar da ni."

"Faɗo maka ya yi?"

"A jarrabawa. Tambaya guda a kansa, mai maki da yawa. Na rikice."

"Ka taɓa leƙa cikinsa?"

"A hoto dai."

Na ce ya cire wannan farar rigar ya sa kansa ta ƙasa ya duba. Ya fito da tsatsa a goshi. Na nuna masa da hannu inda iska ke shiga, inda take lasar bango har ƙarfen ya yi sheƙi, inda take juyowa ta koma sama. Ya ce shekara huɗu malamai na faɗa, yau ya gani. Daga ranar muka mai da Lahadi ranar karatu. Bayan karin kumallo yakan zo, mu jingina falankin ƙarfe da bango ya zama allo, mu sayi alli a kanti. Shi ya kawo lissafi, ni na kawo ido.

Zan faɗa muku lissafin, don ku san ubanku ya iya shi, kuma har gobe yana kaina. Da farko ana neman sau nawa iska ke zagayawa a ciki. A auna tsayin ganga, a ƙara rabin tsayin tsini, a raba da tsayin bakin da iska ke shiga. Mazurarin da ke cikin littafi yana ba da zagaye shida. Na biyu, saurin iska: a duba ɗan allon da ke jikin fanka a ga yawan iskar da take turawa a sakan ɗaya, a raba da girman bakin. Littafi yana son kamar mita goma sha biyar a sakan. Na uku shi ne uwar tambaya. A sama a sa tara, sau danƙon iska, wanda lamba ce da ake ba ka, sau faɗin baki. A ƙasa a sa biyu, sau ashirin da biyu bisa bakwai ɗin nan da na baro a aji biyu, sau zagaye, sau sauri, sau nauyin ƙurar. A raba, a danna maɓallin rut a kalkuleta. Abin da ya fito shi ne girman ƙwayar ƙurar da mazurarin zai kama rabinta, rabi ta tsere. Da maikuron ake auna ta, abin da sai ka tara wajen saba'in kafin ka kai kaurin gashin kai ɗaya. In lambar ta fito ƙarama, mazurarinka jarumi ne. In ta fito babba, dusa kawai kake kamawa. Daga nan sai mataki na ƙarshe, inda ake ɗauko kowace irin ƙwaya a gwada ta da wannan lamba a ga kashi nawa za a kama.

Ciwon Rabi'u gaggawa ce. Yakan manta ya raba tsini biyu. Yakan bar santimita a inda ake son mita. Kuma duk abin da kalkuleta ta tofo masa sai ya ja layi biyu a ƙarƙashi kamar wahayi. Wata rana ya gama ya ce amsa maikuron ɗari bakwai.

"Ɗari bakwai? Gashi nawa ke nan?"

"Goma."

"Gashi goma a haɗe yashi ne, Injiniya. Wannan ko rariyar Mma za ta kama shi. Wa zai kira mai walda a kan yashi?"

Ya koma ya duba, ya ga inda ya zubar da sifili. Na ce masa daga yau duk amsar da ta fito ya murza ta tsakanin yatsu biyu a ransa, ya ji ko gari ce ko tsakuwa, kafin ya ja layi. Wata uku muna haka. Na riƙa ƙirƙiro masa tambayoyi da awon mazuraran da na gani a garin nan, ina riƙe da agogo. Da ya yi kuskure nakan buga guduma a ƙarfe, har mai sayar da lemo da ke maƙwabtaka da ni ta ce ita ma ta kusa zama injiniya don tsoro. A gida Mma tana dariya tana cewa Awudu ya zama malam da tsufansa. Mamanku Zinatu ba ta yi dariya ba.

"Kana haddace abin nan kamar kai za ka zauna. In ya ci, sunan wa za a rubuta?"

"Nasa."

"To na dai tambaya."

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, tun makon farko lissafin ya fara cizona. Faɗin baki a sama yake, wato in ka faɗaɗa baki aiki ya lalace. Zagaye da sauri a ƙasa suke, wato gajeren mazurari mai ƙiba da iska mai tafiyar hawainiya ba su kama ƙura mai laushi. Mu kuwa a sana'armu ƙato ake yabo. Mai injin zai zo ya ce, Masta, yi mini wanda za a hango daga titi. Wanda ya koya mini ma haka ya koya mini: babban ciki, babbar kama. Kuma mafi girman abin da na taɓa ƙerawa yana tsaye a niƙa-niƙan Alhaji Ɗanjuma a Maamobi, inda ake niƙa busasshiyar masara da gero da barkono buhu-buhu. Shekara biyu kafin nan na yi shi. Rufin wurin gajere ne, sai na rage tsawo na ƙara ƙiba. Da muka kunna fanka na ji tana nishi, sai na faɗaɗa mata baki don ta huta. Alhaji ya ji daɗi, ya yi ta kawo abokansa suna kallo. Da wannan aikin sunana ya kai Tudu.

Na yi makonni ina kauce wa abin. Wata Lahadi bayan Rabi'u ya tafi, na goge allon na sa awon Alhaji, wanda ba na bukatar tef don in tuna. Ganga mita ɗaya, tsini mita ɗaya, baki rabin mita a tsaye, santimita arba'in a kwance. Zagaye ya fito uku. Sauri ya fito mita biyar. Na danna rut, ta ba ni ashirin da ɗaya, alhali na littafi bai wuce bakwai ba. Na gwada da ƙwaya mai maikuron goma, irin wadda Rabi'u ya ce ita ce ke wuce hanci ta sauka a ƙirji. Cikin goma ko biyu ba na kamawa. Na sake sau uku, ina fatan ni ma na zubar da sifili. Ban zubar ba.

Washegari na tafi Maamobi kamar mai wucewa. Ban shiga wurin Alhaji ba, na bi ta lungun baya, inda bututun sama ke fuskanta. Gidan farko na wata dattijuwa ce, Mma Hawa, mai dafa wake da shinkafa tana sayarwa a ƙofar gida. Kwanon rufinta ya yi ja-ja. Na shafa yatsa a murfin tukunyarta, ya fito da gari mai laushi kamar hoda, na kai hanci na yi atishawa. Tana zaune ta ɗaure hanci da gefen mayafi, ƙirjinta na kuka kamar usur. Da ta gan ni ta washe baki.

"A'a, Masta mai mazurari! Zauna ka ci abinci. Tun da ka sa abin nan dusa ta daina faɗo mana a tukunya, Allah ya yi maka albarka."

"Mma, wannan tarin fa?"

"Tsufa ne, ɗana. Likita ya ce fuka. Ranar barkono ce kawai ba na iya kwanciya."

Na ci abincinta, na yi godiya, na tafi. Kuma na yi shiru wata huɗu. Ku riƙe wannan ma, don ban zauna rubutu don in wanke kaina tas ba. Na gaya wa kaina kafin in zo ai abin ya fi haka muni. Na gaya wa kaina littafin Turawa ne, bai san barkonon Maamobi ba. Gaskiyar ita ce sunana nake ji.

A cikin watannin nan Rabi'u ya zauna jarrabawa, kuma tambayar mazurari ta sake fitowa. Ya ce da ya gama sai ya ji ƙarar gudumata a kunne, ya koma ya tarar bai raba tsini biyu ba, ya gyara. Ya ci. Mma ta sa aka yanka kaji, aka yi tuwo da miyar ayoyo, gidanmu na haya mai ɗaki goma sha biyu kowa ya fito tsakar gida. Hatimin ya zo a ɗan akwati, aka riƙa miƙa shi hannu zuwa hannu kamar jariri. Na yi murna a ranar, Allah ne shaida.

Ba a yi wata guda ba ma'aikatan kula da muhalli suka zagayo wuraren niƙa, don maƙwabta sun kai ƙara. Suka ce kowa ya kawo takarda mai lissafin abin kama ƙurarsa, da hatimin injiniya mai lasin, in ba haka ba su sa kwaɗo. Alhaji Ɗanjuma ya zo shagona yana tafe yana dariya, carbi na lilo.

"Masta, abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki! Yaya ya ƙera, ƙane ya buga hatimi. Turo mini yaron gobe."

Na ce to. Rabi'u ya je da tef ya auna. Kwana biyu ban gan shi ba. Rana ta uku bayan la'asar ya shigo shago, ya jawo benci, ya ajiye takarda biyu a kan teburin walda, ya danne su da ƙusa. Ya kasa kallona.

"Yaya, wannan ita ce ta gaskiya. Ba za ta wuce ba. Wannan kuma na sa awon littafi. Ita zan buga wa hatimi."

"In sun zo da tef fa?"

"Ba wanda zai hau tsani cikin barkono. Takarda suke so."

"Na ce in sun hau."

"Sai su karɓe lasin."

"Lasin da bai yi wata biyu ba."

"Kai ka ba ni shi, Yaya. In ya tafi a kanka, ya tafi inda ya fito."

Ku ji da kyau, don nan ne labarin mutane ya karkace. Baba Ƙarami bai ƙi sa hannu ba. Da ƙafarsa ya kawo mini ƙaryar, a rubuce, da kyakkyawan rubutunsa. Na ɗauki ta gaskiyar ban buɗe ba, na ce masa ashirin da ɗaya ka samu, ko? Ya ɗago kai.

"Ka sani?"

"Tun kafin ka zauna jarrabawa."

"Kuma ka yi shiru?"

"Na yi. Kai kuma daga zuwanka ka fi ni, za ka yi ƙarya da hatimi. Wata uku ina buga guduma don ka daina zubar da sifili, yanzu za ka zubar da gangan?"

Na ɗauki ta ƙaryar na kunna wutar walda na taɓa mata. Sannan na juyo da falankin da ke jingine da bango, wanda na kifa tun watanni. A bayansa akwai zanen da na yi ni kaɗai: siraran mazurarai biyu a jere, kowanne faɗin rabin mita, tsawon mita biyu, su shiga ƙarƙashin rufin Alhaji daidai, iska ta rabu biyu, a sauya fanka da mai ƙarfi. Zagaye shida, sauri goma sha biyar, amsa biyar. Cikin goma a kama takwas. Rabi'u ya ciro kalkuleta ya bi shi layi-layi, ya kai ƙarshe bai sami abin gyara ba. Ya kwafe shi a littafinsa.

A gida aka yi ta. Mma ta kira mu ɗakinta, ta ce ita ba ta san maikuron ba, abin da ta sani shi ne ɗan'uwa rufin asirin ɗan'uwa ne, kuma tun da aka kafa Zangon nan namu ake niƙa barkono ba wanda ya mutu. Na ce mata ta je ta ji ƙirjin Mma Hawa. Ta ce in bar kawo mata sunan mutane. Mamanku ta jira har muka fito.

"In ka je ka faɗa da bakinka, wa zai sake kawo maka aiki?"

"Wanda ke son na gaskiya."

"A Nima? Kai dai ka faɗa, mu za mu ci sakamakon."

Ta fi ni sanin garin. Da safe na tafi wurin Alhaji, injuna na ruri, na ja shi waje na gaya masa a taƙaice: abin da na yi maka dusa yake kamawa, mai laushin tana tafiya gidajen mutane, kuskurena ne, na gano da kaina, ga gyaran, zan yi maka aikin hannu kyauta. Na zaci zai yi faɗa ya huce. Ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Shekara biyu ina kawo mutane suna kallon tulun banza? Shekara biyu kana amsa gaisuwata?"

"Ban sani ba sai bana, Alhaji."

"Ka gano da kanka! Kai da wane karatun? Yaron nan ne ya auna ya tona ka, ka rigo shi zuwa don ka tsira da mutunci. Zo ka kwashe tsiyarka. Kuma hannunka ba zai sake taɓa mini ƙarfe ba."

Ranar Asabar na zo da tsani da injin yankan ƙarfe. Asabar ce ranar da mata ke cika wurin da buhuna, layi har bakin titi. Na so in zo ranar da ba kowa, Alhaji ya ce Asabar ko ya kira wani ya sare. Na hau na fara daga bututun sama. Garin barkonon da ya kwanta a ciki ya tashi, ni da masu kallo muka yi ta tari. Wani kwandastan torotoro, bas ɗin haya, da motarsu ta tsaya a cunkoso ya leƙo ta taga.

"Cale, Masta! Yau kai da kanka? Boko ya kama ka!"

Mata suka kwashe da dariya. Wata ta ce ai gara da Allah ya kawo ƙanen. Alhaji na tsaye a inuwa yana ba duk wanda ya tsaya labari, kuma kowane zagaye labarin na ƙara kitse: yaro mai gaskiya, ya dubi yayansa ido cikin ido ya ce ba zan sa hannu ba. Na yanka gangar gida huɗu, na sauke tsinin da igiya. Walda ce mai kyau, sai da na canza faifan yanka sau biyu. Kafin azahar na ɗora guntayen a kura aka kai wa masu gwangwan. Sabon aikin Alhaji ya ba Masta Fuseini na bakin gota, mutumin da ko da'ira ba ya iya yankawa sai ya ari ma'aunina. Ya ƙera siraran biyun daga zanen da ke ɗauke da hatimin Rabi'u, wato zanen bayan falankina, ko santimita ɗaya ba a canza ba. Takarda ta wuce. Sauran masu niƙa suka bi sahu, kowa na son zanen Injiniya da hannun Fuseini. Waɗanda na yi wa aiki a baya suka riƙa tsallaka titi in sun hango ni.

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya mini a wuya ya faru ne ranar sunan autanku, a ƙofar gidanmu, bayan an shafa fatiha ana raba goro. Alhaji ya zo, don shi ba ya rasa taro. A gaban liman da dattawan unguwa ya kamo hannun Rabi'u ya ɗaga.

"Ku dubi yaron nan. A zamanin nan da kowa ke sayar da sa hannu, shi ko yayansa bai rufa wa ba. Irinsu muke so a Zango."

Dattawa suka ce madalla. Ina zaune a tabarma, tsakanina da shi bai fi taku uku ba. Ya dube ni. Na jira. Ya mai da ido ƙasa ya ce, "Alhamdu lillahi."

Bayan mutane sun watse ya same ni ina naɗe tabarmi.

"Yaya, me zan ce? In na ce ba haka aka yi ba, sai in faɗi abin da na kawo maka. Gobe lasin ya tafi."

"Wa ya ce ka faɗi duka? Ka ce yayana ne ya gano. Ka ce zanensa ne. Kalma nawa ce?"

"Ba za su yarda ba."

"Da ka faɗa, su ƙi."

Ya ce zai gyara in lokaci ya yi. Wannan yabo na Alhaji shi ya buɗe masa ƙofofi, daga masu niƙa zuwa masu katako zuwa manyan kamfanoni, har ya tashi daga Nima. Ba na cewa bai iya aikinsa ba, ya iya, ni na san wanda ya koya masa murza amsa da yatsa. Bai taɓa rowa gare ku ba, kun sani. Yana zuwa da Sallah ya durƙusa ya gaishe ni, in amsa. Autanku yanzu ya fi ni tsawo, lokacin gyaran bai yi ba tukuna. Ban hana ku zuwa gidansa ba, kuma ban ce ku je ku tsare shi da wannan takarda ba. Wanda ya yi haka ban yafe ba. Mma ta rasu tana cewa mu biyun taurin kai ne ya yi mana yawa, wataƙila ta fi mu gaskiya.

Kamar wata shida bayan saran, aiki ya kai ni Maamobi, ƙofar wani shago zan ɗaura. Da na gama ƙafata ta ja ni lungun baya. Ranar barkono ce, ina jin injuna. Na ɗaga kai na dubi bututun, ban ga komai na fita ba sai ɗan hayaƙi-hayaƙi da sai ka ƙura ido. Ruwan sama ya wanke kwanon Mma Hawa, kuma jan bai dawo ba. Na shafa murfin tukunya, yatsana ya fito kusan yadda ya shiga. Tana zaune ba mayafi a hanci, tana yi wa wata mai saye faɗa a kan ta cika son miya, da murya mai ƙarfi, ba usur. Da ta gan ni ta ɗan yi jim, irin na wanda ya ji labarinka. Sannan ta zuba abinci a ganye, ta ɗora ƙwai, ta miƙo mini.

"Karɓi, ɗana. Ka gaya wa ƙanenka ina kwana yanzu har ranar barkono. Allah ya yi masa albarka, ya ƙara masa ilimi."

"Amin."

"Kai ma Allah ya yafe maka. Na san ba da saninka ka yi ba."

Na tuna wata huɗun nan. Na buɗe baki, sai wata mai saye ta miƙo kwano ta gabana, Mma Hawa ta juya tana tambayarta na nawa. Na ce amin a karo na biyu, na zauna a bencinta na cinye abincin.